Kwanon Tafiya da Gyaran Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ya kamaci 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan makwancinki ya yi faɗi, ya yi haske. Ni ce Abu, autarki. Mu nan lafiya lau muke. Jikokinki suna ta girma, surukinki Malam Idi kuma yana nan da fawarsa da yawan surutunsa kamar yadda kika bar shi.

Na san ba a aika wa mutanen ƙiyama takarda. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma ke kaɗai ta dace in faɗa wa. Na kuma san kafin tawada ta bushe za a karanta ta a zaurukan Zongo, a ƙara mata gishiri. Su karanta. Da ma ba a ɓoye na yi abin da na yi ba.

Zancen rumfarki ne, Inna. Wurin nan naki a layin masu awo na kasuwar Parakou, inda kika zauna tun Turawa na mulki har aka sauke tutarsu, wanda kika bar mini. An ce ko in bi abin da layi ya yanke, ko in tattara buhunana in ba da wuri. Duk kuma a kan gyara ne, wannan ɗan cikin hannu da ake ƙara wa mai saye bayan an gama awo.

Kin tuna yadda kike yi? Sai kin cika kwano ya yi tozo, kin tare da hannu kin juye a ƙwaryar mai saye. Sai kin karɓi kuɗi kin ƙulle a haɓar zane. Ciniki ya ƙare ke nan, ba wanda ke bin wani. A lokacin ne za ki tsoma hannu a buhu ki ƙara, kina kallon wani waje kamar ba ke ba. Kullum kina ce mini, "Kwano na kuɗi ne, hannu na mutunci."

Ina ƙarama na ɗauka duk kyauta ɗaya ce, ke kika rarrabe mini. Kika ce sadaka ana ba wanda bai da shi, don Allah. Tukwici ana ba wanda aka aiko da abin arziki, don ƙafarsa. Gyara kuwa ana yi wa wanda ya biya kuɗinsa cif, don ya san ba kuɗin kaɗai aka gani ba, an ga fuskarsa. Shi ya sa mai kuɗi ba ya jin kunyar cewa a yi masa gyara, ko da babbar riga yake sanye.

Ban manta da matar ma'aikacin nan ba, wadda aka kawo mijinta daga Kwatano shekarar da aka sami mulkin kai. Ta sayi wake, ta miƙo kwando tana cewa kado, kado, wato kyauta da Faransanci. Kika haɗe rai, kika ce mata da harshen Dandanci kado yara ke bin motar Bature suna roƙo, nan gyara ake yi. Ba ki ƙara mata ko ƙwaya ba sai da ta faɗi kalmar, ta kuwa faɗe ta a karkace har layi ya kwashe da dariya. Daga ranar ba ta sake sayen hatsi wurin kowa ba sai wurinki, har aka mayar da su kudu.

Hannunki kuma yana da ido. Mai ciki kina cika mata shi sosai. Wanda ya ja ciniki har ya ɓata miki rai, da 'yan yatsu uku kike tsakuro masa, amma ba ki taɓa hana shi ba. Sau ɗaya na ga kin sallami mutum ba gyara, wani dillali da ya zagi mahaifina, kuma kasuwa duka ta fahimci an yanke gaisuwa ba tare da kin buɗe baki ba.

To, Inna, bana ruwa ya ƙi. Arewa ta bushe, mutane suna ta gangarowa daga hanyar Gaya da ragowar dabbobinsu, dawa da gero sun yi tsadar da ba ki taɓa gani ba. Riba ta zama kamar ruwan da ke cikin tafin hannu. Ban musa wannan ba, ni ma tukunyata ta shaida.

Sai layi ya zauna. Kin san wa ke babba yanzu: Gwaggo Asabe, aminiyarki, wadda kuke cin tuwo kwano ɗaya, wadda ta yi mini wankan jego. Aka ce in an ƙara kuɗin kwano masu saye za su gudu, in an daina gyara za a ce mun yi rowa. Dabarar da aka samo ita ce kowa ta kai kwanonta wurin wani maƙeri a Zongo, ya daki gindinsa ya ɗan shige ciki. Kwano yana nan a ido yadda yake, yana yin tozo, amma cikinsa ya ragu. Sai a auna, a karɓi kuɗi, a ƙara cikin hannu da murmushi, mai saye ya yi godiya ya tafi.

Na ce ban yarda ba. Na ce wannan ba gyara ba ce, ɗauke wa mutum abinsa ne a mayar masa, sannan a jira ya ce an gode. Na ce in tsada ce a faɗa wa mutane gaskiya, ai su ma suna da ido, sun ga sama. Wata ta ce in yi shiru, yaushe aka haife ni. Na ce ko jiya aka haife ni, a gindin buhu aka haife ni.

Kowa ta kai nata, ni na bar nawa. Ban yi shela ba, wallahi, ban kira kowa na ce zo ka gani ba. Amma mata ba wawaye ba ne. Kowace tana da tukunyar da ta san inda kwano ɗaya ke kaiwa. Ba a daɗe ba suka fara wuce rumfuna suna tsayawa a gabana, alhali na ƙara kuɗi kaɗan a kan na kowa. Nan ne aka daina amsa mini gaisuwar safe.

Wata la'asar Gwaggo Asabe ta tako har gidana a unguwar Albarika. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, na durƙusa na gaishe ta kamar yadda kika koya mini. Ta fara da lallashi. Ta ce ita uwa ce gare ni, ba ta son a ce a hannunta aka raba ni da gadon uwata. Ta ce layi tsintsiya ce, wadda ta zare kanta ita ke karyewa. Na ce mata, cikin ladabi, ba zan iya zama a wurin Inna da dakakken kwano ba.

Sai ta yi wata 'yar dariya da ban so ba. Ta ajiye kofi ta ce, "Abu, ke kina tsammanin gyaran uwarki daga sama yake faɗowa? Je ki ɗauko kwanon da take zuwa Djougou da shi, ki gwada. In kin gwada sai ki zo ki yi mana wa'azi."

Na san kwanon, Inna. Shi ne kike kira kwanon tafiya, wanda kike naɗewa a tsumma ki cusa cikin buhu in za mu sari a Djougou. Tun rasuwarki ban taɓa shi ba, don ni a nan gari nake saye buhu-buhu wurin masu kamyo, manyan motocin kayan nan. Yana can ƙasan adakarki tare da tsofaffin zannuwa.

Tana fita na ɗauko shi. Na kife shi a tsakar gida, sai na ga ba ya zama daidai da ɗan'uwansa na kasuwa. An buge shi daga ciki, gindinsa ya turo waje. Na cika kwanon kasuwa da dawa, na juye a cikinsa. Sai ga wuri ya rage. Na tsoma hannu a buhu na ƙara cikin hannu guda, sannan ya cika.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, Inna, kuma ba kukan kewa ba ne. Haushinki na ji. Na tuna matan ƙauyen nan na ƙabilar Yom da ke tasowa tun asuba da kwanduna a ka, ƙafafunsu jajur da ƙasa. Na tuna yadda kike tsokanarsu, kina kiran kowace ƙawata, kina tambayar 'ya'yansu da suna. Ashe hannun da ake yabo a Parakou, daga kwandonsu yake ɗiba. Ni kuma ina gefe ina riƙe miki bakin buhu, ina jin babu uwa irin tawa.

Malam Idi ya shigo ya tarar da ni haka. Da na ba shi labari bai yi mamaki ba ko kaɗan, abin da ya ƙara mini haushi ke nan. Ya ce kowace sana'a da nata, shi ma ya san mahautan da ke ɗora yatsa a kan sikeli sannan su ƙara tsokar kitse. Ya ce in bi layi, yara na cin abinci daga rumfar nan, kuma mutunci ba ya tafasa tukunya. Na ce masa in nasa yatsan na kan sikeli ya gaya mini tun yanzu. Ya rantse ba ya yi, ya fice yana cewa taurin kan gidanmu gado ne.

Gwaggo Asabe ta yi zaton ta karya ni. Lissafinta shi ne in na ga uwata ma ta yi, zan sunkuyar da kai in tafi wurin maƙeri. Ba ta san ni ba, ko da ita ta yanke mini cibi. Da ta bar ni da jahilcina, ƙila da yunwa ta lanƙwasa ni wata rana. Amma tunda ta tono ki daga kabari don ta rufe mini baki, na ce sai na je na ga ƙarshen zancen da idona.

Ranar kasuwar Djougou na hau kamyo da kwano ɗaya tak, na kasuwa. Hanyar tana nan yadda kika san ta, sai dai ramuka sun ƙaru. Na sauka duk jikina ciwo, na nemi inuwar da kike zama a bakin hanyar da matan ƙauye ke shigowa.

Akwai tsohuwar nan mai tsaga a kumatu, wadda ke ba ni gyaɗa ina yarinya. Ta tsufa ƙwarai, amma ta gane ni, ta ce tafiyarki ce a jikina. Ta yi mini ta'aziyya duk da an daɗe. Da na fito da kwano sai ta karɓa, ta juya shi, ta shafa gindinsa da tafin hannu. Ta dube ni ta ce, "Ina mai cikin?"

Ashe sun sani, Inna. Duk sun sani. Mai ciki suke kiran kwanonki, da na Gwaggo Asabe, da na duk 'yan sarin Parakou. Ta ba ni labari tana dariya har da hawaye. Ta ce su ma ba su zauna haka ba. In za su kawo wa 'yan Parakou dawa ba sa sheƙe ta sosai, suna barin ƙaiƙayi, wata ma ta watsa 'yar ƙasa a gindin kwando. Tsabtatacciyar kuwa tana can wani kwando daban, ta mutanen gari. Nan na gane dalilin da kullum in mun dawo sai mun yini muna sheƙa da tsince tsakuwa, kina zagin manoma da ƙazanta.

Ita abin dariya ne a wurinta, ni kuwa kunya ta rufe ni. Ku ƙawaye ne na gaskiya, na ga haka a idonta da ta ambace ki. Amma shekara da shekaru kuna gaisawa da fara'a, kowace tana zaluntar 'yar'uwarta kaɗan, kowace ta san an yi mata. Na ce mata ni da wannan kwanon nake sayarwa, da shi kuma zan saya. Sai ta aika aka kawo ɗaya kwandon.

Kada ki ɗauka duk sun yi haka. Wasu sun ce sabuwar dabara ce, suka ba ni mai ƙaiƙayin kamar kullum. Wata ma ta ƙi sayar mini gaba ɗaya, ta ce ta fi gane ɓarawon da ta sani. Na dawo da buhuna kaɗan, kuma da na yi lissafin kuɗin mota na san ban yi abin kirki ba. Amma na yi barci.

Ranar da layi ya ɗiba mini, ko in bi ko in tashi, ta zo. Na yi wanka, na ɗaura zanenki mai ruwan bula, na je na buɗe rumfa kamar kullum. Hantsi ya yi Gwaggo Asabe ta taso, mata na biye da ita. Ta tambaye ni a gaban kowa ko na gwada kwanon. Na ce na gwada. Ta ce to me na gani. Na ce, "Na ga abin da kika ce, Gwaggo. Uwata ta yi, Allah ya gafarta mata. Ni ba zan yi ba."

Sai ta ba da umarni. Aka kira 'yan dako suka fitar da buhunana waje. Ban riƙe ko ɗaya ba, ban yi ihu ba, ban kai ƙara wurin kowa ba. Na naɗe tabarmarki, na ɗauki kujerarki 'yar tsugunno, na yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya da suna, har waɗanda suka kau da kai. Rumfarki ta tafi, Inna. 'Yar ƙanen Gwaggo Asabe ce a ciki yanzu, ta ma sake jinka.

Ya yi mini ciwo, ba zan yi miki ƙarya ba. In na bi ta layin sai in ga kamar zan hango ki kina kore awaki da kara. Shi ya sa har yau nake zagayawa ta layin masu manja.

Yanzu a jikin katangar gar nake zama, inda jirgin ƙasa ke sauke kaya. Ba rumfa, sai buhu da na ɗaura a kan sanduna. Rana tana dukana, in iska ta taso sai na rufe hatsi da zane. Wasu masu sayen sun biyo ni, wasu sun ga nisa. Akwai ranakun da miyar gidana ba ta ganin komai sai abin da Malam Idi ya rago a teburi. Yana ta mita, amma shi ke ɗauko mini buhu a kekensa kowace safiya.

Masu cewa na yi wauta, na ji. Masu cewa ina nuna na fi uwata, su ma na ji, kuma su ne suka fi ba ni haushi. Ban fi ki ba. Ke kika riƙe mu ke kaɗai bayan mahaifinmu ya rasu, kika aurar da mu, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a ɗakinki. Ban san abin da kika gani ba ranar da kika kai kwanon nan wurin maƙeri. Ƙila ke ma wata babba ce ta zo ta zauna a tabarmarki. Abin da na sani shi ne maganar da kika koya mini gaskiya ce, ko da kwanonki bai bi ta ba, kuma maganar na riƙe.

Fushina ya sauka, Innata. Abin da ya rage tsoro ne. Na ji abin da malamai ke faɗa a kan masu awo, kuma ba na so a tsayar da ke a kan dawar matan da kike ƙauna. In na tuna hannunki, da kaushinsa, da yadda yake shafa kaina yana ƙamshin gero, sai in rasa inda zan sa kaina.

Don haka ga abin da nake yi. Duk ranar kasuwar Djougou ina zuwa. In mace ta sauke kwandonta na auna da kwanona, na biya ta, ciniki ya ƙare, sai in tsoma hannu a cikin buhuna in mayar mata cikin hannu guda a kwandonta. 'Yan sari suna nuna ni suna dariya, wai tunda aka kafa kasuwa ba a taɓa ganin mai saye yana yi wa mai sayarwa gyara ba. Su yi ta yi. In matar ta tambaye ni na mene ne, sai in ce mata na Inna ne. Tsofaffin cikinsu ba sa tambaya. Tsohuwar nan mai tsaga, ranar farko da na yi mata, ta kama hannuna ta riƙe, ta kira sunanki, ta ce ta yafe, ke ma ki yafe mata ƙaiƙayinta. Na amsa a madadinki, na ce kin yafe. Ina fatan ban yi karambani ba.

Ban san yawan kwandunan da suka bi ta cikin kwanon nan ba, kuma ba zan ƙirga ba. Muddin ina da buhu a gabana da hannu a jikina, zan ci gaba.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya yafe miki abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya sanyaya zukatan waɗanda ke da hakki a kanki. Ranar da za a auna ayyuka, Allah ya cika miki awonki, ya ƙara miki daga rahamarsa abin da ba ki biya ba. Ya shiryi Gwaggo Asabe, ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa ni da ke a inda ba a awo.

Wassalam.

Taki har kullum,
Abu, mai awo a bakin gar.